RUWAN BAI NUNA BA

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", na ji, ku sassauta min haka nan. Mai hawan jini dai ta sha maganinta kafin ta fara wannan shafin. Na faɗa, na fita haƙƙinku.

Idan ba ku manta ba, Ekow ya koma bakin aikinsa a rijiyar man da ke tsakiyar teku, ya bar matarsa Kukuwa a Takoradi da ɗanyen goyo, da 'yarsu Ewurama mai shekara huɗu, da kuma ƙaton akwatin gilashin nan da ya girke a falo. Ruwan gishiri ne cike da shi da duwatsun teku, babu kifi ko ɗaya. Doka biyu ya kafa kafin ya tafi: kada a zuba kifi sai ruwan ya nuna, kada kuma a taɓa duwatsun. Ana haka mahaifiyarsa Maame Tawia ta sauka daga Sekondi don shirin sunan jariri, wanda aka ɗaga sai ya dawo ranar Asabar.

To, mu je.

Rana ta take tsaka lokacin da Kukuwa ta tura ƙofar gida, jariri a goye, ledar fararen kayan suna a hannu. Layin awo ya cinye mata safiya, tela ya ƙarasa sauran. Ba abin da take so irin ta kwance goyon nan ta miƙe bayanta.

Sai dai tun daga baranda ta ji gidan wani iri. Akunsu Kyaftin, wanda ko ƙadangare ya gifta sai ya yi masa sannu da zuwa, yau bai ce uffan ba. Ga wani ƙarni-ƙarni mai ɗumi da ya cika gidan.

Tana sa ƙafa a falo ledar ta suɓuce mata.

Kifi.

Kifi fal cikin akwatin, masu ratsin baƙi da rawaya, da wasu jajaye masu manyan idanu. Duk sun taru a saman ruwa suna buɗe baki suna rufewa.

"Sannu da dawowa, uwar biki."

Maame Tawia ce zaune a kujerar Ekow, ta miƙe ƙafa, tana share hanci da haɓar zani. Idanunta sun kaɗa jawur.

"Maame... kifi? Daga ina?"

"Daga sama suka faɗo. Kawunku Bentsil mana. Na aika masa tun jiya, kwalekwalensu na sauka ya ware min masu rai a bokiti. Dubi yadda falo ya zama falo."

"Ina Ewurama?"

"Barci take. Ki bar min yarinya ta huta."

Kukuwa ta matsa jikin gilashin. Kullum safiyar Allah ita ke ɗiban ruwan nan a 'yar kwalba, ta ɗiga masa maganin gwaji, ta ɗauki hoto ta tura wa Ekow. In ya koma shuɗi garau, ruwa ya nuna. In ya yi launin zoɓo, da guba a ciki. Yau da safe zoɓo ne mai kauri.

"Maame, ya ce ruwan bai nuna ba."

"Mangwaro ne da zai nuna?"

"Ba haka ba ne. Akwai wasu 'yan halittu da ido ba ya gani, a jikin duwatsun suke zama. Su ne ke cinye ƙazantar kifi. Sai an ba su wata guda ko fiye sun hayayyafa, sannan a fara sa kifi, shi ma ɗaya ko biyu. In aka zuba da wuri, kifin gubar kashinsa zai yi ta sha har ya..."

"Ke dakata." Maame ta ɗaga hannu, tari ya sarƙe ta, sai da ya lafa ta ci gaba. "Tun uwarki ba ta san za ta haife ki ba nake bandar kifi a bakin ruwan Sekondi. Yau ke za ki karanta min kifi? Teku wa ya tsaya ya jira ta nuna? Asabar dangi za su cika ɗakin nan. Ɗan masunci, jikan masunci, ya ajiye akwatin kifi ba kifi, sai jatan lande guda da ya jefa wai don ruwa ya nuna, yana ruɓewa a ƙasa. So kike matan Sekondi su tafi da ni a baki har Kirsimeti?"

Jama'a, kun san irin tsofaffin nan. Ba mugunta gare su ba, ƙauna ce ta yi musu yawa, ga kuma kunnen ƙashi. Kukuwa ta san ko za ta kwana tana bayani ba inda za ta. Ta ciro waya ta danna wa Ekow kiran bidiyo, tana addu'ar ya fito hutun cin abinci.

Ya ɗauka. Hular kwano a kansa, iskar teku na kaɗa masa kwalar riga.

"Amaryar jego, ya awon? Sarkin gida ya ƙara nauyi?"

Ta juya wayar ta saita akwatin.

"Kai! Kai! Kai! Wa ya yi wannan? Kukuwa, ba da safen nan kika turo min zoɓo ba?"

Maame ta ɗaga murya daga kujera. "Ni ce nan. Sai ka zo ka dake ni."

"Haba Maame! Kafin gobe duk za su mutu. Wata guda ina rainon ruwan nan kamar..."

Ya tsaya.

"Kukuwa, sauke wayar ƙasa. In ga duwatsun."

Ta sauke. Sai a lokacin ita ma ta lura. Duwatsun da ta bari da safe masu duhu da gansakuka sun koma fari tas, kamar an yi musu wankin sabulu.

"Matsa hagu."

Ta matsa.

"Ina mai faɗin nan? Wanda ke sama, mai korayen furanni kamar maɓallan riga?"

Muryarsa ta canza. Babu faɗa a cikinta yanzu, kuma wannan ne ya fi ba Kukuwa tsoro. Tun da ta auri Ekow ba ta taɓa jin ya yi magana a hankali haka ba.

"Maame, me kika yi wa dutsen?"

"Me zan yi masa? Wari suke, na kwashe su na kankare da buroshi. Shi wannan mai ƙurajen ya ƙi kankaruwa, sai wani yauƙi yake fitarwa. Na jefa shi a babbar tukunya na ba shi wuta. Abin teku duk taurin kansa in ya ji tafasa zai saki. Yana can yana hucewa."

"Kin dafa shi."

"Na dafa shi."

"A ina?"

"A kan tsauni. A kicin mana, a ina ake dafuwa?"

"Taga a buɗe?"

"Iska na kashe min wutar gas ɗin nan taku mai kama da ta kyandir, na rufe."

Kukuwa ta ga mijinta ya cire hular kwanon ya dafe kai.

"Maame, don girman Allah ki gaya min gaskiya. Bakinki me kike ji?"

Tsohuwa ta motsa harshe.

"Ɗaci-ɗaci. Kamar na tsotsi tsohuwar ƙusa. Murar jikata ce ta kama ni, ba wani abu ba."

"Kukuwa, fita da jaririn nan waje. Yanzu. Kada ki shiga kicin, kada ki taɓa komai. Fita!"

"Ekow, mene ne?"

"Ba furanni ba ne. Halittu ne masu dafi. In suna cikin ruwa ba a taɓa su ba, ba ruwansu da kowa. Amma in aka kankare su, ko aka zuba musu ruwan zafi, dafin tururi yake bi. Duk wanda ya shaƙa, huhunsa yake kamawa. Akwai gidajen da aka kwashe su gaba ɗaya zuwa asibiti saboda wannan."

Kukuwa ta zuba masa ido ta cikin wayar.

"Ka sani?"

Ya kau da fuska daga wayar.

"Ekow, tambayarka nake. Ka san abin da ke jikin dutsen nan ka ajiye min shi a falo, inda 'yarka ke manna fuska a gilashi?"

"Lokacin da na ɓanɓaro shi a bakin ruwa ban sani ba, na rantse. Sai da na tura hoton a zaurenmu na masu kiwon kifi aka gaya min. Na ce in na dawo zan cire shi da safar hannu."

"Me ya hana ka gaya min?"

"Da na gaya miki, da kin sa an fitar da akwatin gaba ɗaya."

"Da na fitar mana! Da na fasa shi da taɓarya!"

"Na ce kada a taɓa..."

"Ka ce kada a taɓa, ba ka ce yana kisa ba!"

Jariri ya firgita a bayanta ya tsala kuka. Ta juya za ta fita, idonta ya faɗa kan kejin Kyaftin da ke rataye a bakin ƙofar kicin.

Babu kowa a kan sandar.

Yana ƙasan kejin, a kan bayansa, ƙafafu a sama, a ƙanƙame.

Kukuwa ba ta san lokacin da ta ƙwalla ƙara ba. Ta fita da gudu ba takalmi, ta tsallaka layi wurin Anti Mansa mai sayar da dokunun masara, ta kwance goyon ta danƙa mata.

"Riƙe min shi, Anti. Kada ki bari ko iskar gidana ta taɓa shi. Fiifi mai tasi na nan?"

"Yana ciki yana cin abinci. Ke lafiya? Wuta ce?"

"Ki ce ya tada mota!"

Ta dawo a guje. Maame na tsaye a gaban kejin, ta riƙe bango da hannu ɗaya. Duk kurarin nan ya zube. Tsohuwa ce kawai.

"Ɗazu fa yake zagina," ta ce a hankali. "Ɗazun nan."

"Maame, Ewurama ta shiga kicin?"

"Barci take, na ce miki."

"Ba shi na tambaye ki ba. Lokacin da tukunyar ke tafasa, tana ina?"

Maame ta kau da kai.

Daga cikin wayar da ke hannun Kukuwa, Ekow ya ce, "Maame, ki amsa mata."

"Yara ai ba a ɗaure su. Tana shiga tana fita."

A nan idon Kukuwa ya sauka kan bargon Ewurama, mai hoton zomaye, an shanya shi a bayan kujerar cin abinci. Ta kai hannu, ta fasa. Ko ba ta taɓa ba tana ganin danshinsa. Ƙarnin nan da ya cika gidan, a jikinsa ya fi ƙarfi.

"Me ya jiƙa bargon nan?"

Maame ta zuba wa ƙasa ido.

"Maame, ki dube ni. Me ya jiƙa bargon 'yata?"

Tsohuwa ta silale ta zauna a ƙasa daɓas.

"Jiya kina ji ba ta runtsa ba, hanci a toshe, ƙirji na ƙugi. Ke ga jariri, ba ki huta ba. Mu a wurinmu, yaro in ƙirjinsa ya cushe, tururin ruwan gishiri ake ba shi. Ubanta ma na yi masa, ga shi nan da ransa. Na ga tukunya na ta fitar da tururin teku a banza, sai na ce..."

"A'a. A'a, Maame."

"Sirace na yi mata."

Wani irin sauti ya fito daga wayar, ba kuka ba, ba magana ba.

"Na sauke tukunyar, na ɗora ta a cinyata, na lulluɓe mu da bargon. Ta yi ta zillo tana ce min, Nana idona, Nana yana ƙona ni." Hawaye suka ɓalle mata. "Na riƙe ta gam. Na ce mata magani ba ya daɗi."

Garin neman gira ke nan. Wallahi ni kaina da nake rubuta muku sai da na ajiye wayar na sha ruwa.

Kukuwa ba ta tsaya jin sauran ba. Tsakanin falo da ɗakin yara ba nisa. Ta fi tsoron buɗe ƙofar a kan komai da ta taɓa yi a duniya. Ta tura.

Ewurama na kwance a gefe, ta dunƙule. Tun daga bakin ƙofa ake jin numfashinta, wani siririn fito ne ke fita duk in ta ja iska, fiii, fiii, ramin wuyanta na lotsawa ciki.

"Ewurama! Uwata, tashi!"

Jikin zafi zau. Leɓunanta sun yi toka-toka, idanu sun kumbura. Da ƙyar ta ɗaga su.

"Mama... ban yi kuka da yawa ba."

"Na sani, uwata, na sani."

"Nana ta ce... in na daure... ni zan ba kifi abinci."

"Za ki ba su. Yi shiru, kada ki yi magana."

Ta sunkuce ta. A waje Fiifi mai tasi ya riga ya juyo da mota, hannunsa ko wankewa bai yi ba. Yana ganin yarinyar ya daina tambaya, ya buɗe ƙofar baya.

Ekow na ihu daga wayar. "Maame fa? Ku ɗauko Maame, ita ma ta shaƙa!"

Kukuwa ta yi kamar ba ta ji ba. Allah ya gani, a wannan lokacin ko sunan tsohuwar ba ta son ji. Fiifi ne ya ja iska ya riƙe, ya faɗa gidan, ya fito da ita a kafaɗa tana tari kamar ƙirjinta zai tsage. Ya zaunar da ita a gaba, ya sauke gilasai duka, ya taka mota.

"Ubangiji Yesu, ni ka ɗauka," Maame ke faɗi tsakanin tari. "Na ci nawa, na sha nawa. Ni ka ɗauka ka bar ta."

"Maame, ki adana numfashinki," in ji Fiifi. "Ba wanda za a ɗauka a motata. Yau na wanke ta."

Ba wanda ya yi dariya, shi ma ba don a yi ya faɗa ba.

"Kukuwa, kina ji na?" in ji Ekow. "Na tura miki sunan dafin a rubuce. Kuna isa ki nuna wa likita, kada ki bari su ce mura ce su ba ku layi. Ki ce tururi ta shaƙa, iska za su sa mata."

"Ka taho."

"Na je wurin shugabanmu. Jirgi mai saukar ungulu sai gobe."

"Ka shigo ruwa ka yi iyo, Ekow, ban damu ba. Ka taho ka ga aikinka."

Bai kare kansa ba. Ta ji yana jan hanci.

"Ɗora wayar a ƙirjinta. Don Allah. In riƙa jin ta."

Ta so ta ƙi. Amma uba ne, kuma yana can tsakiyar ruwa ba abin da zai iya. Ta ɗora wayar a kan 'yar rigar Ewurama, ta tallafe kanta a hannu.

Fiii. Fiii.

"Ewurama, Dada ne, babanki. Kina ji na? Ki yi ta ja, 'yar gidana. Ja a hankali. Yauwa. Haka."

Fiii.

Suna kawowa shataletalen kasuwa komai ya tsaya cak. Wata motar katako ta mutu a tsakiyar hanya, masu tura kura da 'yan talla sun cike sauran gurbin. Fiifi ya kwanta a kan oda, ya zuro rabin jikinsa ta taga.

"Ku ba da hanya! Yarinya ce ba lafiya! Kai mai kan kwakwa, ja akwalar motarka!"

"In sauri kake ka yi fiffike!" wani ya mayar masa.

"Uwarka ce za ta yi fiffike! Ku duba bayan motar nan, ku ji tsoron Allah!"

Wata mai tallan lemo ta leƙo ta taga, ta ga fuskar yarinyar, ta dire farantinta a ƙasa ta shiga dukan motocin gaba da tafin hannu tana kururuwa. Mutane suka fara taruwa, wasu suka kama motar katakon suna turawa. Ta motsa kaɗan, ta tsaya.

Kukuwa ba ta ganin ko ɗaya daga ciki. Ramin wuyan nan kawai take kallo, yana lotsawa, yana tasowa. Hannun Ewurama da ke riƙe da bakin rigarta ya fara sassautawa. Ta kama shi ta mayar, ya sake zamewa.

"Fiifi, buɗe min ƙofa, da ƙafa zan tafi."

"Da nisa, 'yar'uwa, ba za ki kai ba. Ga shi suna turawa, minti ɗaya!"

A gaba Maame ta daina addu'a, kanta ya langaɓe jikin ƙofa. Oda na tashi ta ko'ina, mai lemo na ihu, Fiifi na dukan sitiyari.

Cikin duk wannan hayaniyar, muryar Ekow ta fito daga wayar, ƙasa-ƙasa, kamar ta ƙaramin yaro.

"Kukuwa... kin ɗauke wayar daga ƙirjinta ne?"

Ta duba. Wayar na nan inda ta ajiye ta.

"Kukuwa, ki yi min magana. Me ya sa na daina jin ta?"